Alƙalancin Rubutun Da Mai Shi Ya Tsara Da Hannunsa

Gasar da aka neme ni in yi wa alƙalanci tana da wani sharaɗi da ban saba gani ba. Kowane mai shiga zai rubuta wani abu daga rayuwarsa, sannan ya tsara shi da kansa ya zama ɗan littafi. Shi zai zaɓi haruffa, shi zai yi bango, shi zai sa hoto in ya ga dama, ya aiko da shi a fayil ɗin PDF. Ƙungiyar marubutan da ta shirya gasar ta ce a duba abu biyu, kyan tsari da ingancin rubutu, ba ta ƙara wani bayani ba. Mu uku aka ɗora wa aikin: wani dattijo da ya yi ritaya daga koyar da harshe, da wata hajiya da ta daɗe tana tsara shafukan littattafai a maɗaba'a, sai ni da nake sana'ar gyaran rubutu.

A zamanmu na farko na roƙi kada kowa ya buɗe fayil ko ɗaya sai mun yarda da ma'aunin da za mu yi aiki da shi. Malam bai ga amfanin haka ba. Ya ce, "Ai abu mai kyau ba ya ɓuya. Mu karanta kawai, in mun zo kansa za mu gane shi." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ku za ku gane naku, Hajiya ta gane nata, ni ma in gane nawa. Tsorona kada su zama uku."

Wannan tsoro yana da tushe. A shekarar 1961 wani masanin awon jarrabawa a Amurka, Paul Diederich, da abokan aikinsa biyu suka ɗauki insha'i 300 na ɗaliban da suka shiga jami'a, suka ba mutum 53 su sa musu maki daga 1 zuwa 9, ba tare da an ba su wani ma'auni ba. Masu karatun duk manya ne a fanninsu: malaman jami'a, lauyoyi, marubuta da editoci, da shugabannin kamfanoni. Da aka tattara, kashi 94 cikin ɗari na takardun sun samu maki iri bakwai ko takwas ko tara mabambanta, kuma 101 daga cikinsu sun samu kowane maki da ke akwai, daga na ƙasa har na sama. Da suka bi diddigi sai suka ga kowane rukunin masu karatu da abin da idonsa ke nema. Wasu tunanin da ke ciki suke bi, wasu yadda aka jera bayani, wasu kurakuran rubutu, wasu zaɓen kalmomi, wasu kuma ɗanɗanon muryar marubucin. Na gaya wa Malam cewa mu ukun nan ma haka muke: shi harshe zai ji, Hajiya shafi za ta gani, ni kuma alƙalamina zai tafi kan kurakurai. Ya yi shiru, sannan ya ce to a rubuta ma'aunin.

Rabon makin ya ɗauke mu lokaci. Hajiya ta so a raba daidai, 50 da 50, hujjarta ita ce masu gasar sun ambaci tsari da rubutu a matsayi guda. Ni na ce tsari yana nan ne domin rubutun, don haka bai kamata ya kai shi nauyi ba. Muka tsaya a kan 60 ga rubutu, 40 ga tsari. A cikin sittin ɗin, 20 na abin da marubucin ya zo da shi ne, 15 na yadda ya gina labarin, 15 na harshe da murya, 10 na ƙa'idojin rubutu. Malam ne ya dage kada ƙa'idoji su wuce goma, kuma ya yi gaskiya: wanda ya rubuta "yace" a haɗe maimakon "ya ce" ana iya gyara masa cikin minti guda, wanda kuwa ba shi da abin faɗa babu editan da zai ƙirƙira masa. Na tsari muka ba sauƙin karantawa 20, ragowar kuma aka raba tsakanin daidaiton shafuka da dacewar bango da hotuna.

Shawarar da ta fi kowace tasiri a aikin namu ita ce wadda muka yanke a ƙarshen zaman. Muka roƙi sakataren gasar ya kwashe rubutun kowa daga cikin fayil ɗinsa, ya zuba a farar takarda da haruffa iri ɗaya, babu suna, babu bango, babu hoto, sai lamba kawai a sama. Wannan za mu fara karantawa, mu sa maki, mu miƙa masa ya ajiye. Sai bayan haka za mu ga yadda kowa ya tsara nasa. Sakataren ya sha aiki, amma dole ne a yi hakan. Tun 1920 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Edward Thorndike, ya lura cewa hafsoshin soja, in suka auna mutanensu, wanda suka ga yana da kyan ƙira sai su ba shi babban maki a basira da shugabanci da hali ma, alhali an ce su auna kowanne daban. A 1995 kuma wasu masu bincike biyu a kamfanin Hitachi na Japan, Kurosu da Kashimura, suka nuna wa mutum 252 tsarin allon na'urar cire kuɗi iri 26, sai ga shi waɗanda mutane suka ga sun fi kyau su ne suka ɗauka sun fi sauƙin amfani. Ido yana riga hankali yanke hukunci. In ka fara ganin bango mai ɗaukar ido, za ka shiga jimlar farko da niyyar yafiya, kuma ba za ka san ka yi ba.

Kafin kowa ya tafi gida da takardun, muka zaɓi 'yan takardu muka karanta gaba ɗayanmu don mu gwada ko ma'aunin yana aiki. A nan muka ci karo da abin da ya fi ba mu wahala a gasar duka, kuma ba mu hango shi ba lokacin da muke rabon maki.

Wani matashi ya rubuta rasuwar mahaifinsa. Malam ya ba shi 52 cikin 60, Hajiya 34, ni 36. Malam ya ce, "Yaron nan maraya ne, zuciyarsa ya zazzage mana. Ta yaya za mu dube shi mu ce bai iya ba?" Hajiya ta ce, "Gaskiya ne Malam, Allah ya jiƙan mahaifinsa. Amma ku nuna mini uban a cikin shafukan nan." Muka koma muka duba tare. Akwai "baƙin ciki mara misaltuwa", akwai "duniya ta yi mini duhu", akwai "gatana ya faɗi". Babu sana'ar mutumin, babu kalma ɗaya da ya taɓa furtawa, babu yadda yake zama ko yadda yake kiran ɗansa. Kowane maraya zai iya sa hannu a ƙarƙashin wannan rubutu ya ce nasa ne.

A cikin takardun gwajin akwai ta wata mata da ta yi jinyar mahaifiyarta bayan tsufa ya tafi da tunaninta. Ko sau ɗaya ba ta rubuta "baƙin ciki" ba. Ta faɗi yadda uwar take tambayarta kowace safiya 'yar gidan wa ce ita, da yadda ta daina gyara mata ta koma amsawa da sunan da uwar ta ba ta a ranar, da yadda tsohuwar ta manta sunayen 'ya'yanta amma hannunta bai manta yadda ake ninke kaya ba, sai 'yar ta riƙa warware wankakkun tufafi tana ajiye mata don ta samu abin yi. Mu ukun mun ba ta sama da 50 ba tare da mun yi shawara ba. Rashin da waɗannan mutum biyu suka yi babu mai iya cewa wani ya fi wani zafi, kuma ba shi aka ce mu auna ba. Abin da ke gabanmu shi ne wanda ya iya ɗauko abin da ya same shi ya ajiye a gaban baƙon da bai san shi ba, har baƙon ya gani.

Daga nan muka ƙara ƙa'ida ɗaya a ƙasan takardar ma'auni: duk makin da ka sa, mai yawa ko kaɗan, sai ka iya ɗora yatsa a kan layin da ya sa ka ba da shi. Malam ya amince, da sharaɗin cewa bayanin da za a aika wa matashin zai fara da ta'aziyya, kuma shi zai rubuta da kansa. Na ji daɗin wannan sharaɗi. Mutumin da ya buɗe maka rayuwarsa yana da haƙƙin ka tausaya masa, yana kuma da haƙƙin ka gaya masa gaskiya game da rubutunsa, kuma takarda ɗaya tana iya ɗaukar duka biyun.

Karatun da ya biyo baya kowa ya yi shi a gidansa. Sakataren ya ba kowannenmu takardun a jeri daban, domin an san jeri yana taɓa maki. Wata mai bincike, Wändi Bruine de Bruin, ta duba sakamakon gasar waƙa ta ƙasashen Turai da na gasar zamiya a kan ƙanƙara a wani nazari da ta fitar a 2005, ta ga waɗanda suka fito daga baya sun fi samun maki. Ni abin da na yi shi ne na riƙa karanta kaɗan a zama guda, in na ji idona ya fara gudu a kan layi sai in ajiye. Da na kai ƙarshe na dawo kan na farko-farkon na sake karanta su, saboda lokacin da na sa musu maki ban san zurfin sauran ba tukuna.

Wasu matsaloli sun yi ta maimaituwa. Mafi yawa ita ce doguwar shimfiɗa: marubuci zai cinye shafi guda yana godiya, yana bayyana ma'anar rayuwa, yana gaya mana abin da zai gaya mana, sai a shafi na biyu ko na uku labarin ya fara motsi. Sau da yawa na sa alama a wata jimla da ke tsakiyar shafi na biyu na rubuta a gefe, "daga nan ya kamata a fara". Ta biyu ita ce wa'azin ƙarshe. Mutum ya gama ba da labari mai ratsa jiki, mai karatu ya riga ya ɗauki darasin da kansa, sai a biyo shi da sakin layi uku na "don haka ina kira ga matasa". Akwai kuma masu jera karin magana. Karin magana ɗaya da ya faɗo a gurbinsa yana ɗaga sakin layi, amma wani marubuci ya sa har huɗu a jere kafin ya faɗi abin da ya faru, ka ga yana nuna mana ya san su ne kawai. Karin harshe kuwa ba mu ɗauke shi laifi ba. In kakar marubuci ta yi magana da harshen garinsu, haka ya kamata ta yi a takarda, kuma waɗanda suka mayar da maganar tsofaffinsu daidaitacciyar Hausa tsaf sun yi asarar wani abu.

Takardu kaɗan sun zo sumul, babu kuskure ko ɗaya, babu kuma mutum a cikinsu. Jimlolin duk tsawo ɗaya, kowane sakin layi ya rufe da hikima, ba sunan abu, ba ƙamshi, ba wata magana da za ka ce daga bakin wani ta fito. Mun yi zargin ko na'ura ce ta rubuta, ko an kwaso daga wani wuri. Na ɗauki 'yan jimloli na bincika a intanet, ɗaya ta fito kalma da kalma a rubutun wani, muka miƙa wa masu gasar da hujjarta suka cire ta. Sauran ba mu da hujja, don haka ba mu tuhumi kowa ba. Ma'aunin ya wadatar: gasar ta rubutun rayuwa ce, inda babu rayuwar makin farko na ashirin ya tafi.

A wannan zagaye ne Malam ya yi wani abu da ya ƙara masa girma a idona. Ya kira sakataren ya ce lamba kaza ya gane mai ita, tsohon ɗalibinsa ne, labarin ma ya san shi, don haka ba zai sa mata maki ba. Aka ɗauki matsakaicin nawa da na Hajiya.

Bayan mun miƙa makin rubutu aka buɗe mana ainihin fayilolin, ragamar kuma ta koma hannun Hajiya. Ta ce kowane aiki za mu duba shi sau biyu, a waya da kuma a takarda, tunda ta hanyoyin nan biyu mutane za su karanta shi. Tun kafin mu je ko'ina wannan ya raba ayyukan gida biyu. Yawancin masu shiga sun bar shafinsu a girman A4, wanda faɗinsa santimita 21 ne. Faɗin allon waya kuwa bai fi santimita 7 ba, kuma PDF ba ya sake jera layukansa don ya dace da allo, shafin ne gaba ɗaya yake ƙanƙancewa. Harafin da aka sa a lamba 12 sai ya koma kamar lamba 4, mai karatu ya yi ta buɗa shi da yatsu yana ja hagu da dama a kowane layi. Waɗanda suka zaɓi A5, mai faɗin santimita 14.8, suka kuma ɗan ƙara girman harafi, nasu ya karantu a waya ba wahala, ya kuma yi kyau a takarda.

Sai ta koya mana ƙidayar layi. Ka ɗauki cikakken layi ɗaya ka ƙirga haruffansa har da guraben da ke tsakanin kalmomi. Masu sana'ar sun daɗe da sanin cewa tsakanin 45 da 75 ne ido ya fi sakewa, kuma Robert Bringhurst na Kanada, a littafinsa na 1992 kan tsara haruffa, ya ce 66 ne aka fi ɗauka a matsayin madaidaici. Dalilin a fili yake in ka gwada: layi in ya yi tsawo, idan ido ya kai ƙarshensa ya juyo sai ya ɓata, ya sake karanta wanda ya gama ko ya tsallake na gaba. Mun samu ayyukan da layinsu ya haura haruffa 100, gefen shafin kuma an matse shi har babu inda babban yatsa zai riƙe takarda. Tazarar da ke tsakanin layuka ma ta ce ta ɗan fi girman harafin, kamar kashi 120 zuwa 145 cikin ɗari nasa. Ƙasa da haka layuka suna hawan juna, sama da haka sakin layi yana watsewa.

Launi ne ya fi cin mutane. Wani ya sa rubutu ruwan toka a kan fari don ya ga ya yi sanyi a ido, wata ta sa ja a kan kore, da yawa kuma suka shimfiɗa hoto a bayan rubutun, kalmomi suna bi ta kan gajimare da ganyaye suna ɓacewa suna fitowa. Hajiya tana da ma'aunin da ba na son rai ba a nan. Ƙa'idar da W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar a 2008 don masu raunin gani ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da abin da ke bayansa ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutun yau da kullum, 3 bisa 1 ga manyan haruffa. Baƙi a kan fari 21 bisa 1 ne. Akwai ƙananan manhajoji na kyauta da ke auna wannan, ka ɗauko launukan biyu su ba ka lissafin. Muka kuma fita da wayoyinmu waje cikin rana, muka ga yadda ruwan tokan nan yake ɓacewa gaba ɗaya. Malam ne ma'auninmu na uku, domin idonsa ya fi namu shekaru, kuma duk inda ya cire tabarau ya goge ya sake kusantar da takarda mun san akwai matsala.

Akwai cutar da ta keɓanta da rubutunmu, wato haruffa masu ƙugiya. Tun 1991 da Unicode, tsarin da ke ba haruffan harsunan duniya lamba a na'ura, ya fito, ɓ da ɗ da ƙ suke da gurbinsu a kwamfuta, amma ba kowane zanen haruffa ne yake ɗauke da su ba, musamman na ado. In marubuci ya zaɓi irin wannan, manhajar sai ta aro harafin daga wani zanen daban, ka ga ƙ ta fito siririya a tsakiyar kalma mai kauri, ko kuma ɗan akwati ya tsaya a gurbinta. Wasu da suka ga haka sai suka cire ƙugiyoyin baki ɗaya, "ƙasa" ta koma "kasa". Mun rage maki a kan wannan a ɓangaren tsari, ba a ɓangaren rubutu ba, in dai mun ga alamar mutumin ya san harafin, zanen ne ya ci amanarsa. Maganin ba shi da tsada: Charis da Andika na ƙungiyar SIL, da Noto na Google, duk kyauta ne kuma suna da haruffan cif.

Sauran abubuwan mun wuce su da sauri: zanen haruffa iri biyar a shafi guda, take da ke canja girma daga babi zuwa babi, shafuka babu lamba, hoton da aka ja shi har fuska ta yi faɗi.

Inda muka sake tsayawa shi ne batun adalci. Wasu ayyukan a fili yake an ɗora su ne a kan shiryayyen tsari na manhajojin zane, wasu kuma ka san da waya kaɗai aka yi su. Na tambaya ko ba za mu zama muna ba kayan aiki maki ba, maimakon mai aikin. Hajiya ta ce shiryayyen tsari ba ya zaɓar kansa, kuma ta nuna mana misali. Wani ya rubuta labarin zamansa a asibiti bayan hatsari, ya ɗora shi a kan tsari mai furanni da launukan biki, kyakkyawa ne amma yana faɗa da abin da ke cikinsa. Wani kuma, wanda ya rubuta yadda ya karɓi sana'ar gyaran agogo daga hannun mahaifinsa lokacin da idon tsohon ya fara rauni, bai sa komai ba sai baƙin rubutu a kan fari, gefe mai yalwa, da hoto ɗaya tak na teburin aikin da ya ɗauka da waya. Wannan ya samu 35 cikin 40 a wurin mu ukun. Abin da muka yi ta tambaya a kowane shafi shi ne, wannan zaɓi ya taimaki mai karatu ko ya tare masa hanya, kuma ya dace da labarin ko aro ne.

Da sakataren ya haɗa makin ɓangarorin biyu, sai ga matar nan mai jinyar uwa, wadda ta fi kowa a rubutu, ta sauko ƙasa sosai. Ta yi amfani da A4, ƙananan haruffa, layi mai tsawo, ga hoton fure a bayan kowane shafi. A sama kusa da mai agogo kuma akwai wani aiki da tsarinsa ya kusa cika maki, rubutunsa kuwa da ƙyar ya haura rabi. Raina bai so ba ko kaɗan. Malam ya ce a ɗaga ta. Hajiya ta ce in muka taɓa lissafi bayan mun ga sakamako, to duk wahalar da muka ba sakatare ta tashi a banza, kuma mun zalunci waɗanda suka ɗauki sharaɗin tsari da muhimmanci. Maganarta ce ta tsaya, ni ma na bi ta, domin ma'aunin da aka yarda da shi kafin a san wa zai amfana shi ne kaɗai kowa zai iya amincewa da shi.

Na saman kuwa makinsu ya yi kusa da juna, tazarar ɗaya ko biyu, wadda ba ta nufin komai. A nan muka ajiye lambobi muka koma kwatanta su bibbiyu: a ajiye aiki biyu gefe da gefe, kowa ya faɗi wanda ya fi da dalilinsa. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Louis Thurstone, ya shimfiɗa wannan hanya tun 1927, bisa lura da cewa mutum ya fi iya faɗin wanne ya fi tsakanin abu biyu a kan ya sa wa abu ɗaya lamba shi kaɗai. Mun ga gaskiyar haka, domin gardamar da muka kasa warwarewa da maki ta warware cikin zama guda. Mai agogo ya zo na ɗaya. Aikin nan mai kyan tsari da raunin rubutu ya faɗi a duk karon da aka gwada shi da wani, ya tsaya a ƙarshen jerin na saman. Muka rubuta wa masu gasar muna roƙon su ba matar yabo na musamman a kan rubutu, a bayyana a fili cewa nata ne ya fi, suka yarda.

Aiki na ƙarshe shi ne bayanin da za a aika wa kowa. Masu gasar ba su nema ba, mu muka ga bai dace mutum ya aiko da rayuwarsa a mayar masa da lamba kawai ba. Muka tsara kowace takarda ta ƙunshi abu ɗaya da ya yi kyau, da lambar shafinsa, da abu biyu da za a gyara, ɗaya a rubutu ɗaya a tsari. Mun hana kanmu kalmomi irin su "a ƙara ƙoƙari" ko "salon bai yi armashi ba", domin babu wanda zai iya aiki da su. Ga matashin nan Malam ya rubuta ta'aziyyarsa, sannan ya roƙe shi ya zauna ya tuno abu uku da mahaifinsa ya saba faɗa, ya sake gina rubutun a kansu. Ga matar Hajiya ta rubuta matakai huɗu da za ta bi: ta koma A5, ta cire furen, ta ɗaga harafin zuwa lamba 12, ta buɗa gefen shafi, ta kuma ce in ta yi ta aiko mata ta duba.

Mun bar wa ƙungiyar shawarwari don gasa ta gaba. A buga ma'aunin tare da sanarwar gasar, kowa ya san abin da za a duba tun kafin ya fara. A nemi kowa ya aiko da fayil biyu, tsararre da kuma rubutun zalla, don a sauƙaƙa wa sakatare. A faɗi girman shafin da ake so, a kuma ambaci zanen haruffan da ke ɗauke da masu ƙugiya. Hajiya ta ƙara da cewa a shirya zama ɗaya na koyar da tsara shafi kafin a rufe karɓar ayyuka, ta ce ita za ta koyar.